Sai an gwada akan san na ƙwarai: Ɓoyayyen aibun ƙarfe, daga takobin Timia zuwa kayan ɗurin bindiga

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kasuwa ya san kaya iri biyu ne wajen aibu. Akwai wanda aibunsa a fili yake, kamar ruɓaɓɓen tumatir ko atamfar da ta koɗe, mai saye na gani zai taya da araha ko ya wuce abinsa. Akwai kuma wanda aibunsa ke kwance a ciki, ba ya fitowa sai ranar da aka fi bukatarsa. Kayan ƙarfe suna cikin kashi na biyu, kuma a cikinsu babu wanda ɓoyayyen aibunsa ya kai na bindigar toka da kayan ɗurinta muni. Fartanya in ta karye, asarar kuɗi ce da ta aikin yini guda. Bindiga kuwa in ta tsage, da yatsu ko ido take tafiya, wani lokaci ma har da rai.

A wannan mako mun ga ya dace mu tattauna da 'yan kasuwa maza da mata a kan wannan batu, domin ta hannunmu ƙarfe ke ratsawa kafin ya isa ga maƙeri, ta hannunmu kuma abin da ya ƙera ke ratsawa kafin ya isa ga manomi ko maharbi. Za mu faro daga Timia, garin da ya daɗe da sanin darajar ƙarfe mai kyau.

Garin da nisa ya koya wa tantance kaya

Timia gari ne na Abzinawan Kel Ewey da ke tsakiyar duwatsun Abzin a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. 'Yan kasuwar Agadas sun san shi da lemu da rumman da dabino, da albasa da tafarnuwa da ake nomawa a lambunan da ke bakin ƙorama. Tsofaffin Damagaram da Tasawa kuwa sun san shi da ayarin raƙuma, wanda ke ratsa Tenere bayan damina zuwa Fashi da Bilma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro ƙasar Hausa ya koma da gero.

Hanyar Timia hanyar dutse ce da rairayi, mota kan shafe sa'o'i masu yawa kafin ta isa Agadas. Saboda haka mutumin Timia ba ya sayen gatari da tunanin in ya karye gobe zai koma shago ya canza. Madugun da ke tsakiyar Tenere ba shi da inda zai sami wata wuƙar idan tasa ta ɓalle daga ƙota. Wannan ne ya sa maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, suke da matsayi na musamman. Kowane gida ya san maƙerinsa, ya san ubansa da kakansa. Mazansu na aikin ƙarfe da azurfa da itace, matansu na aikin fata. In aiki ya ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, shi ma maƙerin ya san da mutanen zai ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarsa. Mai karatu ya riƙe wannan magana, domin ita ce ginshiƙin duk abin da za mu faɗa: kaya na yin kyau ne a inda aka san wanda ya yi shi.

Takobin Jamus a kasuwar Kano

Ko a zamanin da, ba duk ƙarfen Abzin ne ake samu a gida ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ratsa Abzin a 1850 tare da ayarin Kel Ewey, ya shiga Kano a farkon 1851. A lissafin da ya yi na kayan da ake shigowa da su Kano, ya ƙiyasta ruwan takobi kimanin 50,000 a shekara, kusan duk waɗanda ya gani kuma ƙirar garin Solingen ne na ƙasar Jamus. A Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan Kel Ewey da sauran Abzinawa, da Hausawa da Fulani da Barebari su saya. Ke nan takobin da Ba'abzine ke ratayawa a Timia ta ratso teku da Sahara, ta ratsa hannun ɗan kasuwar Kano, kafin ta koma arewa.

To, yaya mai saye ke gane ta ƙwarai? Da farko tambari ake dubawa. Maƙeran Turai kan buga wa ruwan takobi alama, kamar hoton kyarkeci a guje ko jinjirin wata guda biyu. Amma tambari abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Hoton kyarkecin nan asalinsa na garin Passau ne, maƙeran Solingen da kansu suka ara saboda sunan da ya yi, daga baya maƙeran ƙasashenmu suka riƙa buga jinjirin wata a kan takubban da suka ƙera a gida. Da tambari ya zama na kowa, sai masu saye suka koma ga gwaji. A tanƙwara takobi a sake ta, ta ƙwarai za ta miƙe ta koma yadda take, mai taushi za ta zauna a karkace, wadda aka ƙona wajen ba ta ruwa kuwa za ta karye. A ƙwanƙwasa ta a saurara, mai lafiya tana da amo mai tsawo, mai tsaga a ciki amonta a dakushe yake.

Yau yawancin wuƙaƙe da takubba da gatura da sifirin tsohuwar mota ake ƙera su. Ƙarfe ne mai kyau, sai dai sifirin da ya yi shekaru yana ɗaukar lodi kan zo da ƙananan tsagu da ido ba ya gani, wuta da masaɓa kuma ba sa haɗe su. Maƙeri mai amana ya san wannan, yakan zubar da guntun da bai yarda da shi ba. Mai neman na cefane kawai sai ya goge ya shafa mai ya kai kasuwa.

Bindigar da ke cin mai ita

A lokacin da Barth ya zo Kano bindiga ba ta yi yawa a kasuwar ba, ya ce 'yan kaɗan ne ke shigowa ta ƙasar Nufe. A bakin teku kuwa labarin daban ne. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a rabin ƙarshe na ƙarni na 18 dubban ɗaruruwan bindigogi ake saukewa a Afirka ta Yamma kowace shekara, galibi don musayar bayi. Sunan da Turawa ke kiran bindigar toka da shi har yau ya samo asali ne daga 'yan kasuwar Danmak da suka zauna a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, kodayake da yawa daga cikin bindigogin a birnin Birmingham na Ingila aka ƙera su. Waɗanda ake yi don kasuwar Afirka su ne mafi araha, da yawa ba a gwada su ba, kuma sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai harbi. Wato tun farko da aibunta bindigar toka ta zo mana.

Daga baya maƙeranmu suka koyi gyara da ƙira. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubban bindigogi, a birnin Zinder ake haɗa masa albarushi ana kuma zuba masa igwa. Har yau bindigar toka, wadda wasu ke kira harbi-ruga, wasu baushe, tana hannun mafarauta da 'yan bindigar sarki masu gaba a hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau. Matsalar tsaro a Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Maraɗi ta ƙara mata kasuwa, abin da ya jawo wanda ya iya da wanda bai iya ba duk suka shiga ƙira.

Babban aibun yana cikin bututu. Bututun bindigar masana'anta daga dunƙulen ƙarfe na musamman ake huda shi. Na gida kuwa sau da yawa bututun famfo ne ko wani bututun da aka ciro daga tsohuwar mota. Bututun famfo faifan ƙarfe ne da aka naɗe aka yi wa walda a tsaye, an yi shi ne don ruwa, kuma ta wannan ɗinki yake tsagewa idan ƙarfin wuta ya fi ƙarfinsa. Aibu na biyu yana gindin bututun, inda ake toshewa. In waldar wurin ba ta kama ba, abin da ya kamata ya fita ta gaba sai ya dawo ta baya, kuma a daidai nan fuskar maharbi take. Na uku tsatsa ce. Tokar albarushi na jan danshi, bindigar da aka harba aka jingine ba a wanke ba tana cin kanta daga ciki, a waje kuwa tana sheƙi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne bindiga mai irin wannan aibu kan yi harbi hamsin lafiya lau, mai ita ya yarda da ita, a na hamsin da ɗaya ta tarwatse.

Ƙananan kayan da ake rainawa

Ba bindigar kaɗai ke jawo tsautsayi ba, kayan ɗurinta ma suna da nasu kason: mazubin albarushi, da ma'auni, da sandar dannawa, da mazubin darma. Ba da wasa magabata suka riƙa zuba albarushi a ƙaho ko a ɗan tandu na fata ba, haka Turawa suka riƙa yin mazubi da ma'auni da tagulla. Waɗannan ba sa fitar da tartsatsi. Gwangwanin ƙarfe ko cokalin ƙarfe kuwa na iya ƙyasta wuta in ya gogi wani ƙarfen. Mazubin da murfinsa ba ya rufuwa sosai bam ne rataye a ƙugu, domin tartsatsi ɗaya daga bindigar maƙwabci ya isa. Haka wanda ba shi da ma'auni, yana tuttulawa kai tsaye daga mazubi zuwa bakin bindigar da bai daɗe da harbawa ba, in akwai sauran garwashi a ciki, duk abin da ke hannunsa zai tashi lokaci guda.

Ma'auni kuma, 'yan kasuwa sun fi kowa sanin halinsa. Mudun da aka bubbuga gindinsa na cutar mai saye da 'yan ƙwayoyin hatsi. A wurin albarushi kuwa, awon tafin hannu ko na murfin kwalba yau ya yi kaɗan gobe ya yi yawa, bututun da dama ba shi da ƙwari shi ke biyan bashin. Sandar dannawar da ta gaza tsawo ko ta lanƙwashe kan bar sarari a cikin bututu, wannan sarari kuma na sa bututu ya kumbura ko ya fashe. Mafi muni shi ne masu farke harsashin zamani su juye garinsa a bindigar toka. Garin zamani ya ninka albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, babu bindigar toka da aka yi don ta ɗauke shi.

Akwai kuma abin da ya shafi iyayenmu mata kai tsaye, wato narka darma a cikin gida. Darmar tsohon batir guba ce, hayaƙinta da ƙurarta na shiga jinin yara su taɓa ƙwaƙwalwa. Ba mu manta da abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Tukunya ko ludayin da aka narka darma a ciki kada ya sake komawa madafa.

Yadda masu ƙirar suka ɗaure kansu

Turawa ma sun sha wannan wahala kafin su gano bakin zaren, kuma abin da suka gano shi ne abin da mai sayen takobi a Kano ya sani: gwaji da tambari, amma gwajin a hannun wanda ba shi ya ƙera ba. Birnin Liyej na Beljiyam ya wajabta gwajin bindiga tun 1672, Saint-Étienne na Faransa ya sami gidan gwaji a 1782, Birmingham kuma a 1813. A ɗaki mai kauri ake ɗura wa bututu fiye da abin da zai ɗauka a aikin yau da kullum, a harba daga nesa. Wanda ya fashe ya fashe a ɗaki, ba a hannun mutum ba. Wanda ya tsira a auna shi, a buga masa hatimi. A 1914 wasu ƙasashe suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna CIP don su riƙa amincewa da hatimin juna, a ƙa'idarta kuma ƙarfin gwaji kan ɗara na aiki da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. A Ingila sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi laifi ne.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda, maharba kan tara kwanson harsashin da suka harba su sake ɗura shi a gida. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, ƙera kayan wannan aiki, irin su RCBS da aka kafa a 1943 da Lee da ya faro a 1958. Sikelin da suke sayarwa na rarrabe nauyin da bai kai na ƙwayar shinkafa ɗaya ba, ramin da ake matse kwanso a ciki kuma ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Duk da haka aibu na fitowa. Akan sami ramin da aka huda a karkace, ko injin matsi da iska ta shiga ƙarfensa wajen zubi ya tsage, ko ma'aunin da ke riƙe gari a wannan karo ya sako ninki a karo na gaba. Bambancin shi ne kayan na ɗauke da sunan kamfani, harsashi da garinsa na ɗauke da lambar rukunin da aka yi su. In an gano matsala akan yi shela a dawo da rukunin gaba ɗaya, mai saye kuma yakan ajiye ɗan dutsen awo yana gwada sikelinsa da shi. To idan masu injin da ke auna abin da ido ba ya gani ba su yarda da aikinsu ba sai sun gwada, ina ga wanda ke awo da tafin hannu?

Abin da doka ta ce

Kada wani ya ɗauka muna kiran a inganta ƙirar bindiga a bayan gida ne. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba, har da ta toka, kuma a 2021 an kafa cibiya ta ƙasa mai sa ido kan ƙananan makamai. A Nijar akwai hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma riƙe bindiga sai da takardar izini. Mutanen Abzin sun san abin da yawaitar makami ke jawowa. Sun ga tawayen shekarun 1990, sun ga bikin ƙona makamai fiye da dubu a Agadas ranar 25 ga Satumba, 2000, sun kuma ga rikicin 2007 zuwa 2009 da ya kori masu yawon buɗe ido ya durƙusar da cinikin maƙeran azurfa. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta nemi a yi rajistar masu ƙira na gida, a kuma sa wa kowane makami alama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma dokokinta na cikin gida suna nan daram. Saboda haka ɗan kasuwar da aka kama da albarushi ko harsashi a ƙarƙashin buhunan albasa, da shi da jarinsa da motar da ta ɗauko duk sun shiga uku.

Ina ruwan mai rumfa?

Wata 'yar kasuwa na iya cewa, ni da ke sayar da tukwane da wuƙaƙe, me ya haɗa ni da bindiga? Darasin ɗaya ne, Hajiya. Tukunyar gas da ke madafarki ita ma bututu ce mai riƙe da ƙarfi a ciki, shi ya sa ake gwada ta a buga mata lamba da kwanan wata. Wadda ta lotsa, ko ta yi tsatsa a gindi, ko aka yi mata walda aka shafe da fenti, ba ta da bambanci da bindigar bututun famfo. Tukunyar da aka zuba da tarkacen alminiyo kan zo da ƙananan huji da aka toshe, wani lokaci ma tarkacen na gauraye da darma. Manomin Timia da ya sayi kayan gyaran injin ban-ruwa na jabu a Agadas, lambunsa ne zai bushe kafin mota ta sake zuwa.

Ga abin da muke ba da shawara. Alhaji, ka san wanda ya ƙera kayan da kake sarowa, ka riƙe maƙeri ɗaya ko biyu da za ka iya mayar musu da aiki in ya ɓaci. Sabon fenti mai kauri a kan tsohon ƙarfe abin tuhuma ne, a kankare a duba. A ƙwanƙwasa a ji amo, a duba inda aka yi walda da inda ƙarfe ya haɗu da ƙota, a cika tukunya da ruwa a ga ko za ta yi gumi. Kada sunan ƙasa ko tambarin da ke jikin kwali ya rufe mana ido, mun ga yadda aka yi da kyarkecin Passau. Masu sayar da tsofaffin ƙarafa kuma su san wanda suke sayar wa bututu da abin da zai yi da shi. In kaya na da aibu a faɗa wa mai saye a rage masa kuɗi, wanda kuma zai iya raunata mutum a mayar da shi bola, kada a ce araha ce za ta rufe.

Tsohuwar al'adar kasuwanninmu ita ce kayan da aka ɓoye aibunsa ana dawo da shi, sarkin kasuwa ya tsaya a mayar wa mutum kuɗinsa. Kuɗi na dawowa, amma yatsun da suka tafi ba sa dawowa, kuma daga Timia zuwa babban asibitin Agadas tafiya ce mai nisa ga wanda jini ke zuba. Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan maƙera za su iya zama su tsayar da ƙa'ida a tsakaninsu, kowane maƙeri ya riƙa buga alamarsa a kan gatari da garma da wuƙar da ya ƙera, a san gwani a san mai algus. Wannan ba ya bukatar kasafin gwamnati, amana kawai yake bukata.

Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, ya sa albarka a cikin nema.